Dariya da Daba: Tsokaci kan Fim ɗin Lock, Stock and Two Smoking Barrels

Guy Ritchie ya gina wannan fim na 1998 a kan bashin fam 500,000 da caca ta jawo wa wasu abokai huɗu a Landan. Neman abin biya ya jefa su tsakanin ƙungiyoyin miyagu masu rikici kan kuɗi da wiwi da tsofaffin bindigogi biyu, har miyagun suka karkashe juna bisa rashin sani.

Zubin ba baƙo ba ne ga mai kallo a Bici, domin tatsuniyoyin Gizo sun saba masa da ƙarfafan da haɗama ke halakawa, raunana kuma su sha da wayo ko sa'a. Inda aka raba gari shi ne hukunci. Ritchie ya bar Tom a bakin gada, ba a san makomar bindigogin ba, alhali fim ɗin Hausa da wuya ya saki ɗan daba bai tuba ba ko bai shiga hannu ba. A 2021 ma Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta haramta nuna ƙwacen waya da shaye-shaye, matakin da ya ƙara ɗaure hannun marubucin barkwanci.