Darasin Kasuwanci: Yadda Fim ɗin Masunta na Bangaladash Ya Cika Gidajen Silima, da Abin Koyi ga 'Yan Kasuwar Nguru, Gashuwa da Dapchi

A ranar 29 ga Yuli, 2022, aka fara nuna wani fim mai suna Hawa a ƙasar Bangaladash, cikin harshen Bangali. Ma'anar sunan a harshensu ita ce iska. Gidajen silimar da suka karɓe shi a makon farko ba su kai 30 ba, amma kafin mako ya zagayo tikiti ya yi wuyar samu a birnin Dhaka, har mutane suna saye kwanaki kafin ranar kallo. Daga nan sauran masu gidajen silima suka shiga nemansa, yawan wuraren da ake nuna shi ya yi ta ƙaruwa.

Wannan al'amari ya cancanci nazarin 'yan kasuwa, domin ya faru ne a kasuwar da aka riga aka fid da rai da ita. A shekarun 1990 Bangaladash tana da gidajen silima fiye da 1,000. Zuwan talabijin na tauraron ɗan Adam, da satar fasaha, da lalacewar gine-ginen kansu, suka sa aka rufe mafi yawansu, wasu aka mai da su kantuna. Annobar korona ta 2020 ta ƙara durƙusar da waɗanda suka rage. A cikin wannan hali ne Hawa, tare da wani fim mai suna Poran da ya fito a shekarar, suka dawo da jama'a bakin tagar sayar da tikiti.

Abin da fim ɗin ya ƙunsa

Mejbaur Rahman Sumon ne ya ba da umarni, kuma shi ne dogon fim ɗinsa na farko. Kusan dukkan labarin ya gudana ne a cikin jirgin su guda ɗaya a tsakiyar Tekun Bengal. Shugaban jirgin, Chan Majhi, wanda Chanchal Chowdhury ya fito a matsayinsa, yana sayar da wani kaso na kifin a ɓoye tun a cikin teku, ba da sanin mai jirgin ba. Wata rana da aka jawo taru sai aka ga wata budurwa a ciki da ranta. Tun daga ranar kamu ya ragu, masifu suka biyo juna, zargi ya shiga tsakanin ma'aikatan, har ta kai ga asarar rayuka. Mai kallo yana zaune cikin ɗokin sanin ko wace ce wannan mace, mutum ce ko aljana, da kuma abin da ya kawo ta. Masu nazari a can sun danganta labarin da wata tsohuwar tatsuniyar Bangalawa game da sarauniyar macizai da wani attajirin fatake.

Darasi na ɗaya: mai kallo ya san sana'arsa

An ɗauki fim ɗin a cikin teku na gaske, kusa da tsibirin Saint Martin, 'yan wasan kuma suka koyi maganar masunta da yadda suke aiki. Bangaladash ƙasa ce ta koguna, kifi da shinkafa su ne abincin kullum, don haka da wuya a sami gidan da bai da alaƙa da masunci ko mai sayar da kifi. Jama'a sun ga rigimar da suka sani: ta mai jari da ma'aikaci, ta rabon kamu, ta cin amanar ubangida. Abin al'ajabin da aka saka a labarin ya zauna ne a kan wannan gaskiyar yau da kullum, shi ya sa ya karɓu.

A arewacin Jihar Yobe akwai irin wannan dukiya ta labari. Kogin Haɗeja da na Jama'are suna haɗuwa a cikin dausayin Haɗeja da Nguru, su zama Kogin Yobe, wanda ya ratsa ta Gashuwa da Gaidam ya nufi Tafkin Chadi. Dapchi, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Bursari, tana kusa da Komadugu Gana. A shekarar 2000 aka sa Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, kuma shi ne wuri na farko a Nijeriya da ya sami wannan matsayi. Masarautar Bade tana da bikin kamun kifi da ake yi a Gogaram, tsohon birninta.

Rigingimun da za su riƙe mai kallo ma suna nan. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ambaliya take zuwa kowace shekara. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ta hana kwale-kwale wucewa. Akwai bashin da masunci yake ci a wurin dillali don sayen taru, da sharaɗin shi zai sayar wa kamunsa. Akwai ikon Sarkin Ruwa, da labaran 'yan ruwa da kowane yaro a bakin kogi ya taso yana ji. Kalmar iska ma a Hausa tana ɗauke da ma'ana biyu, ta kaɗawa da ta ɓoye. Duk da haka, finafinan Hausa, tun daga Turmin Danya na 1990, sun fi karkata ga labaran aure da soyayya a gidajen birni.

Darasi na biyu: talla kafin kaya

Makonni kafin fitowar Hawa aka saki wata waƙa daga cikinsa, wadda Hashim Mahmud ya tsara, masunta suna rera ta a kan jirgi suna kiɗa da kayan aikinsu. Waƙar ta bazu a YouTube da Facebook, ta shiga motocin haya da shagunan shayi. Ranar da aka buɗe ƙofa, jama'a sun riga sun san fim ɗin. Waɗanda suka fara kallo kuma suka fita suna muhawara a kan ƙarshen labarin, wannan muhawara ta jawo wasu. Labari mai sarƙaƙiya yana da wannan amfani ga mai kaya: wanda ya gani ba ya iya yin shiru, wanda bai gani ba kuma ba ya son a riga shi.

Kasuwar Hausa ta daɗe da sanin ƙarfin waƙa, tun zamanin kaset, lokacin da waƙa ɗaya kan sayar da fim. Abin koyi a nan shi ne, waƙar ta fito daga cikin sana'ar da ake ba da labarinta. Masuntan Bade da na Hausa suna da kiɗansu da kirarinsu, kuma mai jarin da ya nemi masu su, ya biya su haƙƙinsu a rubuce, ya sami talla mai araha.

Darasi na uku: harshe ya fi iyaka faɗi

Masu magana da Bangali sun haura miliyan 200, kuma da yawansu suna Indiya. A ƙarshen Oktoba 2022 aka nuna Hawa a wani bikin finafinan Bangaladash a zauren Nandan da ke Kolkata, inda dogayen layukan masu jiran shiga suka zama labarin jaridu. A watan Disamba na shekarar aka sake shi a gidajen silimar Indiya. An kuma nuna shi a Amurka da Kanada da Ostareliya, inda 'yan ƙasar mazauna waje suka cika kujeru. Bangaladash ta zaɓe shi ya wakilce ta a gasar Oscar karo na 95, ko da yake bai kai zagayen ƙarshe ba.

Haka Hausa take. Daga Nguru, inda layin dogo ya tsaya tun 1930, fatauci ya saba ƙetarawa zuwa Damagaram da Diffa a Jamhuriyar Nijar. Akwai masunta Hausawa a Tafkin Chadi, da Yawuri, da Argungu, wanda hukumar UNESCO ta amince da bikinsa a 2016, ga kuma zango-zango a Gana da Kamaru da Sudan. Duk wanda zai tsara kasafin fim ya kamata ya lissafa da su tun farko.

Darasi na huɗu: ina ƙofar karɓar kuɗi?

A nan ne bambanci mafi girma yake, kuma a nan jari kan nutse. Hawa ya sami gidajen silima na zamani, irin su Star Cineplex, inda ake ƙidaya kowane tikiti, a raba kuɗin tsakanin mai gida da mai fim. Farin jini ya zama kuɗi ne saboda akwai ƙofa, akwai mai tsaron ta.

A garuruwan arewacin Yobe, yawancin kallo ana yin sa ne a wayar hannu da gidajen kallo. Masu shagunan turi suna zuba finafinai a waya kan kuɗi kaɗan, ciki har da na Indiya da aka fassara zuwa Hausa, kuma sau da yawa ko kwabo ba ya komawa ga mai fim. Wannan ne ya karya kasuwar faifai, ya tura masu shirya finafinan Kano zuwa masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. Saboda haka fim yana iya zagaye ƙasar Hausa kaf, mai shi yana fama da bashi.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauka, don misali kawai, an kashe naira miliyan 20, kuma rabon mai fim a kowane tikiti naira 500 ne. Sai mutum 40,000 sun biya kafin uwar kuɗi ta dawo. Tambayar da mai jari zai yi ita ce: a waɗanne zauruka, cikin kwana nawa, wa zai ƙidaya? Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a kunna kyamara ya kamata a ƙulla yarjejeniya da tashar talabijin, da masu tallafawa irin su dillalan kifin banda da masu sayar da kayan su, da masu zauruka a Gashuwa, inda Jami'ar Tarayya ta 2013 ta tara matasa, da Nguru da Damaturu. Su kansu masu turi gara a jawo su cikin ciniki a matsayin wakilai masu kamasho, a kuma riƙe fim ɗin daga intanet har sai an gama nunin zaure.

Darasi na biyar: doka da mutuncin jama'a

Nasara ba ta hana Hawa shiga matsala ba. A watan Agusta 2022 jami'an kare namun daji suka kai mai ba da umarnin kotu, bisa dokar ƙasar ta 2012, saboda an nuna wani tsuntsu a cikin keji. Wasu masu kallo kuma sun koka da zafin kalaman ma'aikatan jirgin. Mai aiki a dausayin Nguru, matattarar tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai, sai ya kiyaye irin wannan. Yana bukatar izinin hukumar tace finafinai ta ƙasa, da ta Jihar Kano idan zai sayar a can. Yana bukatar yardar masarauta da sarakunan ruwa, da shawarar jami'an tsaro, ganin abin da yankin ya sha, musamman sace 'yan makarantar Dapchi a Fabrairun 2018. Labarin iskoki kuma sai an bi shi da hankali a wurin jama'ar da ke kishin addininta.

Abin da za a riƙe

Hawa ya haɗa abu biyu: labarin da jama'a suka gane nasu ne, da ƙofar da suka biya kafin su shiga. Na farkon yana nan jibge a bakin Kogin Yobe, ba a taɓa shi ba. Na biyun kuwa sai an gina shi, kuma aikin 'yan kasuwa ne, ba na 'yan wasa ba. Wanda ya fara da tsara hanyar sayarwa, sannan ya nemi marubucin da zai zauna da masunta ya koyi aikinsu, shi ne ya fi kusa da ganin uwar kuɗinsa da riba.