Ungozomar da za ta zauna, a garinku take

Ga masu unguwanni, dagatai da 'yan kwamitin raya mazaɓa da ke kukan an gina musu asibiti amma ba ma'aikaci: kukanku gaskiya ne. An turo ma'aikaciya daga birni, ta zo Litinin da Talata, ran Laraba ta hau babur ta koma. Bayan 'yan watanni ta nemi canjin wurin aiki. Naƙuda ta kama mace da tsakar dare, aka iske ƙofa da kwaɗo.

Kada ku yi saurin ganin laifinta. A 2009 gwamnatin tarayya ta soma shirin tura ungozomomi karkara, sababbin fitowa da waɗanda suka yi ritaya. Da yawa ba su daɗe ba, don alawus ɗin da ke wuyan jihohi da ƙananan hukumomi bai riƙa zuwa kan kari ba, ga rashin masauki. Wadda mijinta da 'ya'yanta ke birni, me zai zaunar da ita? Shawarata ita ce ku horar da taku.

Aikin daga sakandare yake farawa. Makarantun jinya da na ungozoma suna neman kiredit biyar: Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fizis, a zama ɗaya ko biyu na WAEC ko NECO. Nan 'yan matan ƙauye ke faɗuwa, ba don ƙwaƙwalwa ta gaza ba, sai don makarantarsu ba ta da malamin kimiyya. Ku dubi 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, ku zaɓi biyu ko uku masu himma. Ku nemi ɗan bautar ƙasa da ya karanta kimiyya, ku ba shi ɗaki da ɗan abin sayen sabulu ya riƙa yi musu darasin yamma. Kuɗin jarrabawa kuwa, buhun gero kaɗan daga masu hali ya isa.

An taɓa gwada irin wannan. Daga 2012 wani shiri da Birtaniya ta tallafa ya ɓullo da shekarar share fage a Jigawa, Kano, Katsina, Yobe da Zamfara: jama'ar gari su zaɓi 'yarsu, a gyara mata darussan da ta faɗi, ta shiga makarantar lafiya, ta dawo gida aiki. Har da matan aure masu goyo aka ɗauka. Ni kam da za a bi tawa, matar aure ce kan gaba, don gidanta da gonar mijinta suna nan. Sai dai a zauna da maigidan tun farko, gaban liman, a faɗa masa gaskiya: za ta yi shekaru tana makaranta, kuma in ta dawo za a buga masa ƙofa da ƙarfe biyun dare.

In ba ta samu gurbin ungozoma ba, akwai makarantun fasahar lafiya a Jahun, Kankiya, Daura, Tsafe, Makarfi da Ningi. Ƙaramin kwas ɗin ma'aikacin lafiyar al'umma shekara biyu ne, babban, wanda ake kira CHEW, shekara uku. Tun 2014 manufar gwamnati ta yarda a ƙara wa irin waɗannan horo su karɓi haihuwa inda ba ungozoma. Ku yi hattara da makarantun kuɗi da suka cika gari. Kafin ku biya ko sisi, ku tabbatar hukumar da ke ba da lasisi ta amince da makarantar, in ba haka ba yarinya za ta fito da takardar da ba mai ɗaukarta aiki da ita.

Ku rubuta yarjejeniya: shekara nawa za ta yi wa gari aiki. Amma ku ma kuna da naku alƙawarin. Tun tana shekarar ƙarshe ku fara zarya wurin shugaban ƙaramar hukuma da hukumar lafiya matakin farko ta jiha don a ɗauke ta, kada ta shiga sahun masu aikin sa-kai shekara da shekaru ba albashi. Ku gyara ɗakin da ke jikin asibitin, a sa sola ko ta fitila biyu ce, a samu mai gadi.

Saura raini. Matan da suka goya ta za su ce, "'Yar gidan wane ce za ta duba ni?" Wasu kuma tsoronsu kada sirrinsu ya kai bakin rijiya. Maganin na farko, matar dagaci ta fara zuwa awo wurinta, kowa ya gani. Na biyu yana hannun ita yarinyar: ta kama bakinta, ko ga uwarta. Tsohuwar ungozomar gari kuma kada a ture ta. A ba ta girmanta, a roƙe ta ta riƙa rako masu naƙuda asibiti da kanta.