Yadda Za Ka Sa CICS Ya Riƙa Kawo Maka Labari

Ga matsalar da masu kula da manyan kwamfutocin IBM suka sha kawo mini: shugabannin banki na so a sanar da su nan take idan an ciri kuɗi masu yawa daga wani asusu, amma manhajar da ke wannan aiki an rubuta ta da COBOL tun kafin a haifi rabin ma'aikatan ofis, kuma ba mai ƙarfin halin taɓa ta. To, ba sai an taɓa ta ba. Tun 2009, da IBM ta fitar da CICS TS 4.1, tsarin yana iya sa ido a kan abin da manhaja ke yi, ya tsinci bayanin da kake so, ya aika waje, ba tare da an sauya ko layi ɗaya ba.

Kafin ka buɗe kwamfuta, je ka zauna da waɗanda suka nemi abin. Su faɗa maka da bakinsu me suke kira "kuɗi masu yawa", da abin da suke son gani a saƙon: lambar asusu, adadi, reshe, lokaci. Rubuta a takarda. Idan aka tsallake wannan zama, sai a wayi gari saƙonni suna kwarara kamar ruwan Agusta, ba mai karantawa.

Sauran aikin a CICS Explorer ake yin sa, cikin editan da ke haɗa fayil ɗin ɗaurin aukuwa. Za ka nuna masa inda zai yi kwanto: wani umarni na EXEC CICS, misali REWRITE a kan fayil ɗin asusu, ko LINK zuwa wata manhaja. Sannan ka ɗora rariya. Fara da sunan fayil ko na manhajar, domin da shi CICS ke saurin watsar da abin da bai shafe ka ba. Bayan nan sunan ma'amalar, sai sharaɗin adadin kuɗi a ƙarshe. Kada ka ƙirga gurbin kowane bayani da hannu. Shigo da kwafibuk ɗin COBOL, editan ya gane da kansa inda adadi ya fara da irin zubinsa, musamman lambobin COMP-3 da ke zuwa a cure. In ka duba ko'ina ba ka sami umarnin da ya dace ba, nan ne kawai za ka roƙi mai manhaja ya saka maka layi guda na SIGNAL EVENT.

Akwai wani ɗan akwati da mutane ke wucewa ba su kula ba, wanda ke tambaya ko a ɗaure saƙon da kammaluwar ma'amala. Na taɓa barin sa haka nan a wani wurin da na yi aiki. Ma'amala ta rubuta cire kuɗi, ta faɗi a tsakiya, CICS ya mayar da komai yadda yake, amma saƙo ya riga ya fita. Aka kira mai asusu ana tambayarsa kuɗin da ko kwabo bai motsa ba. Ranar na sha kunya. Idan maganar kuɗi ce, sa alama a akwatin, saƙo ba zai fita ba sai aikin ya tabbata.

Wani zaɓin kuma shi ne lokacin aikawa. A bisa al'ada CICS yana ajiye saƙon a layi, wani aiki daban ya kai shi daga baya, don kada mai ma'amala ya jira. Daga sigar 4.2 ta 2011 ana iya aikawa a cikin ma'amalar kanta, ta yadda idan saƙo ya gaza fita, aikin ma a warware shi. Wannan yana da tsada, yana ƙara jinkiri. Ni ba na zaɓarsa sai inda ɓatan saƙo ɗaya zai jawo tambaya daga masu binciken kuɗi.

Wajen gwaji, kada ka fara aika saƙon ta IBM MQ ko HTTP. Zaɓi adaftar TSQ, ka zuba fayil ɗin cikin dami, ka tura shi zFS, ka ayyana BUNDLE ka girka. Yi ma'amala uku: ɗaya ƙasa da iyakar kuɗin da ka sa, ɗaya sama, ɗaya da za ka kashe da gangan. Buɗe layin TSQ ɗin da CEBR. Saƙo ɗaya tak ya kamata ka gani. In babu ko ɗaya, duba CEMT INQUIRE EVENTPROCESS ko tsarin yana kunne, da EVENTBINDING ko ɗaurin naka yana aiki. Sai bayan wannan ka juya zuwa MQ.

Abin da ke cizo daga baya shi ne kwafibuk. Ɗaurin yana riƙe da gurbi da tsawo da irin zubi ne kawai. Ran da wani ya ƙara harafi biyu a filin suna, adadin kuɗi ya gusa, rariyarka za ta ci gaba da tace wurin da ba shi ba, kuma wataƙila ba kuskuren da zai fito a allo. Saboda haka ajiye fayil ɗin ɗaurin a ma'aji ɗaya da manhajar, ka rubuta sunansa a saman kwafibuk ɗin, inda duk mai shirin gyara zai yi karo da shi.