Idan An Tuhume Ka Da Sata: Abin Da Doka Ta Tanada A Abuja

Jama'a da yawa suna zaton wanda 'yan sanda suka kama da zargin sata ya riga ya zama ɓarawo. Ba haka doka ta ce ba. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki kowane wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai kotu ta tabbatar da laifinsa, kuma nauyin kawo hujja yana wuyan mai gabatar da ƙara.

Dokar da ke aiki a Babban Birnin Tarayya ita ce Final Kod, wadda aka tsara wa Jihar Arewa, ta fara aiki a 1960. Sashe na 286 ya bayyana sata da cewa mutum ya gusar da wani abu mai ɗaukuwa daga hannun mai shi, ba da yardarsa ba, da niyyar zamba. Hukuncinta ɗaurin da bai wuce shekara 5 ba, ko tara, ko duka biyun. In a cikin gida aka yi ta, ko akawu ko bara ya saci kayan maigidansa, ɗaurin yana iya kai shekara 7.

A lura da kalmar niyya, don a kanta yawancin kariya take tsayawa. Wanda ya ɗauki babur a tashar Nyanya bisa kuskure, yana tsammanin nasa ne, bai yi sata ba. Haka kuma bashi da saɓa alkawarin ciniki ba sata ba ne: Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 ta hana a kama mutum saboda irin wannan rigima, ta kuma hana a kama uba ko mata a madadin wanda ake nema.

Amma inda mutanenmu suka fi faɗawa rami shi ne sayen kayan hannu. Alal misali, wani ya sayi waya da araha a bakin kasuwar Wuse, bayan mako biyu aka biyo sawunta har gidansa. Sashe na 167 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar ɗaukar wanda aka sami kayan sata a hannunsa jim kaɗan bayan satar a matsayin ɓarawon, ko mai karɓar kayan sata, sai fa in ya yi bayanin da ya gamsar. Rasidi mai suna da kwanan wata, da shaidar da aka yi ciniki a gabansa, su ne za su fitar da shi. Araha, in ji Hausawa, ba ta ado. A nan kuwa har Kuje tana kai mutum.

A ofishin 'yan sanda, kana da ikon yin shiru har ka ga lauya. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ita da harshen da kake ji ba. Amma in ba ka wurin lokacin da aka yi satar, faɗi haka tun a bayaninka na farko, da sunan wurin da kake da waɗanda kuke tare, domin 'yan sanda su bincika. Alƙalai ba su cika ba wannan uzuri nauyi ba in sai a kotu aka fara jinsa. Ikirarin da aka samo ta hanyar duka ko barazana kuwa, kotu ba ta karɓarsa, muddin aka yi ƙorafi a lokacin da za a gabatar da shi.

Wajibi ne a kai ka gaban majistare cikin awa 24 in akwai kotu a tazarar kilomita 40. Belin 'yan sanda kyauta ne, kuma mace tana iya tsaya wa mutum. A kotu, in ba ka jin Turanci, dole a ba ka tafinta ba da ko kwabo ba. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya sai danginsa su tuntuɓi Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, hedkwatarta kuma tana nan Abuja.