Yadda Ake Dawo Da Ubuntu Bayan An Sake Ɗora Windows A Kwamfuta Ɗaya

Masu amfani da Windows da Ubuntu a laptop ɗaya suna yawan cin karo da wannan matsala: Windows ta lalace, an sake ɗora ta, da aka kunna kwamfuta sai ta wuce Windows kai tsaye, babu alamar Ubuntu. Da yawa sai su ɗauka ya goge, su yi wa faifan fomat, su yi asarar fayilolinsu a banza. Galibi Ubuntu yana nan daram, ƙofar shigarsa ce kawai aka rufe.

Me ya faru?

Wanda ya taɓa buɗe bootloader na wayar Android ya san cewa akwai ƙaramar manhaja da ke tashi kafin babbar. Haka abin yake a kwamfuta. Ubuntu yana amfani da GRUB, wanda ke nuna maka jeri ka zaɓi tsarin da kake so. Windows kuma tana da Windows Boot Manager. A kwamfutocin da ke da UEFI, duka biyun suna zaune ne a wani ƙaramin ɓangare na faifai mai suna EFI. Idan aka sake ɗora Windows, sai ta sa nata a gaba, ta tura GRUB baya.

Kafin ka fara ɗora Windows

1. Kwafe muhimman fayilolinka zuwa wani faifan daban.
2. Idan BitLocker na kunne, rubuta makullinsa mai lambobi 48 a takarda.
3. Cika batir, don kada a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki.
4. Wajen zaɓen ɓangare, ka goge na Windows kaɗai. Ka lura da girman kowanne tun kafin ka fara. Kada ka taɓa na EFI ko na Ubuntu.

Hanyar gyara ta farko

Kashe kwamfutar, ka kunna, ka riƙa danna F9 idan HP ce, ko F12 idan Dell ce ko yawancin Lenovo. Jeri zai fito. Zaɓi ubuntu. Idan ka shiga, buɗe Terminal ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

sudo grub-install
sudo update-grub

Na farko zai mayar da GRUB gaba, na biyu zai sabunta jerin.

Idan Windows ba ta fito a jerin ba

Tun daga GRUB 2.06 na shekarar 2021, manhajar da ke laluben sauran tsaruka ba ta tashi da kanta a nau'o'in Linux da dama. Buɗe fayil ɗin saiti:

sudo nano /etc/default/grub

Ƙara wannan layi a ƙasa:

GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false

A nan kuma za ka iya sa GRUB_TIMEOUT=10, wato jerin ya jira ka daƙiƙa 10. Adana, sannan ka sake rubuta sudo update-grub. Duk gyaran da ka yi a fayil ɗin ba zai yi aiki ba sai da wannan umarni.

Idan babu ubuntu a jerin F9 ko F12

Wannan ya fi faruwa a tsofaffin kwamfutoci masu BIOS, inda Windows ke rubuta nata a kan GRUB gaba ɗaya. Haɗa filashin Ubuntu da Rufus, ka tashi daga kansa, ka zaɓi Try Ubuntu. Haɗa intanet, ko da hotspot na wayarka ne, ka sauke Boot-Repair, ka danna Recommended repair.

Daga ƙarshe, shiga Windows ka kashe Fast Startup a saitin wuta na Control Panel. Idan yana kunne, Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya, kuma Ubuntu ba zai iya rubutu a ɓangarenta ba.