Masu Gadin Kududdufin Sara

Kowace damina, mai wannan rubutu, wanda ma'aikacin duba-gari ne, yakan zagaya kududdufan garin Sara riƙe da farin ludayi. Ya kamfato ruwa daga gefen ciyawa, ya ƙura ido. Tsutsar da ta kwanta a miƙe a saman ruwa, ta sauron da ke kawo zazzaɓi ce. Wadda ta rataye kai ƙasa kuwa ta sauron kwata ce, mai hana barci da kuka.

Tsohon kududdufi mai zurfi shi jama'a suka fi zargi, amma sau da yawa ludayi kan fito daga cikinsa wayam. Ramin da aka haƙi ƙasar bulo makon jiya, da sawun kofaton shanu, da gurbin tayar mota, su ne maƙil da tsutsa.

Tsohon ruwa yana da masu gadi. 'Ya'yan karfasa, da 'ya'yan mazari masu laɓewa cikin laka, da ƙwaron nan mai iyo a rigingine, duk da tsutsar sauro suke kalaci. Sabon rami kuwa ba kowa, ga rana tana ɗumama shi. Kwana bakwai zuwa goma, ƙwai ya zama sauro.

An gwada abin a Kenya. Wani bincike da aka wallafa a 2007 ya nuna an zuba karfasa a tafkunan kifi da aka yi watsi da su a yankin Kisii, bayan mako 15 tsutsar sauron zazzaɓi ta ragu da fiye da kashi 94 cikin 100. Tun a shekarun 1970 ma an lura a gonakin shinkafar Ahero cewa feshi yana kashe tsutsa haɗe da masu cin ta, sai sauro ya riga su dawowa.

Shi ya sa ran ma'aikacin duba-garin ke ɓaci idan ya tarar da yara suna su da gidan sauro, suna kwashe kifin da bai kai ɗan yatsa ba, ko manomi yana ɗauraye tankin feshi a bakin ruwa. Gidan sauron nan an raba shi ne don a kwana ciki, kuma kifi ba zai maye gurbinsa ba.

Roƙonsa ga masu unguwanni da iyaye: a hana zuba guba a kududdufi, a bar ƙananan kifaye su girma, mai buga bulo kuma ya cike raminsa kafin ruwan sama na gaba.