Yadda Ake Gasa Burodi a Tukunyar Baƙin Ƙarfe a Sabha

A zamanin Gaddafi, Bahaushen da ke zaune a Sabha ta Libiya bai cika tunanin gasa burodi a gida ba. Gwamnati na tallafa wa fulawa, gidajen burodi ko'ina, da 'yan canji kaɗan yaro zai ciko leda. Bayan 2011 al'amura suka soma lalacewa, daga 2014 kuma suka ƙara muni. Tallafi ya ja baya, lantarki ya riƙa ɗaukewa awanni masu yawa, gas ya yi wuya, kuma duk sa'ad da hanyar Tarabulus ta rufe, tafiyar fiye da kilomita 700 ce, sai a wayi gari ana layi a ƙofar gidan burodi. 'Yan ƙasa da dama suna da tanderun yumɓu a tsakar gida. Buzaye kuma sun gaji tagella, wadda ake binnewa cikin yashi mai zafi da garwashi. Baƙon da ke haya a unguwar Gurda ko Mahdiya ba shi da filin gina tanderu, shi ya sa tukunyar baƙin ƙarfe ta yi masa rana.

Uwargida, idan kin ji an karya farashin kayan kicin, ki tafi da ɗan maganaɗisu a jaka. Da yawa daga tukwanen da ake kira na ƙarfe alminiyam ne, irin wanda masu zubi ke narkawa a Kano da Maraɗi. Wannan ta dafa shinkafa da miya ce: nan da nan take ɗaukar zafi, nan da nan take sakinsa. Maganaɗisu ba ya kama ta. Baƙin ƙarfe na zubi kuwa yana kama shi, ga nauyi. Mai faɗin santimita 24 zuwa 26, da murfinta, takan kai kilo 5, kuma nauyin nan shi kike saye, domin shi ke riƙe zafi.

Ana cewa araha ba ta ado, amma a wannan ciniki ban yarda ba. Akwai masu suna irin su Lodge ta Amurka da Le Creuset ta Faransa, sai dai ta Sin marar suna, idan zubinta ya yi kyau, burodi ɗaya za ta ba ki. Abin tsoro a kayan rangwame shi ne tsagewa. Baƙin ƙarfe na zubi ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi, ga shi kayan nan sun sha jijjiga a bayan mota tun daga bakin teku. Ki ɗaga ta ta hannunta, ki ƙwanƙwasa da cokali. Lafiyayya tana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa ƙarar takan mutu nan take. Ki ɗora murfin ki girgiza, idan yana rawa ki ajiye. Ki nemi murfi shimfiɗaɗɗe mai ɗan baki a gefe, wanda garwashi zai zauna a kai, kuma kada mariƙinsa ya zama na roba. Mai fenti mai sheƙi ta masu tandun gas ce, garwashi ɓata ta yake yi. Tsatsa kuwa ba aibi ba ce. Ki nuna wa mai shago ita ya ƙara rage miki, soson waya zai fitar da ita.

A gida ki wanke ta da ruwan zafi da sabulu, saboda maiƙon masana'anta, ki busar da ita a kan wuta. Ki shafe ta da man girki ciki da waje, sannan ki goge da tsumma har ki ga kamar ba ki shafa komai ba. Ki kife ta a kan garwashi har hayaƙi ya tashi ya ɗauke. Sau uku ko huɗu haka, sai ta yi baƙi ƙirin, ta daina kama abinci. Idan man ya yi yawa danƙo za ta yi.

Kwaɓi ba sai na koya wa matar da ta saba da fanke da alkubus ba. Fulawa gram 500, ruwa kamar mililita 350, gishiri ƙaramin cokali 2, yis cokali 1. Ki dai lura da iskar Sabha, busasshiya ce ƙwarai, idan ba ki rufe kwano da jiƙaƙƙen tsumma ba kwaɓin zai yi ɓawo tun bai tashi ba. Da bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ki kwaɓa da ruwan sanyi ki rage yis. Da hunturu ki kwaɓa da dare ya kwana a ɗaki.

Duk wannan kowa zai iya. Wajen wuta ake gane wanda ya ƙware. Ni a hannun wata dattijuwa 'yar Damagaram na gani, wadda ta haura shekara ashirin a Sabha tana sayar da abinci ga leburori, samarin da suka biyo hanyar Agadas da Dirku da Gatrun. Ba ta da ma'aunin zafi. Takan hura gawayi har baƙinsa ya ƙare, farar toka ta lulluɓe shi, sannan ta ɗora tukunyar ba komai a ciki, da murfinta, kamar minti 20. Sai ta barbaɗa ɗan garin fulawa a gindin. Idan ya ƙone nan take, wuta ta yi yawa. Idan ya zauna fari, da saura. Idan ya yi ja a hankali kafin ta ƙirga goma, to ta yi.

Daga nan sai ta sauke tukunyar, ta kwashe kashi biyu cikin uku na garwashin da awartaki ta tara a gefe. Sauran kashi ɗayan ta jera shi zobe, tsakiyar ba ko ɗaya, ta girke tukunyar a kan duwatsu uku, tazarar yatsu huɗu daga wutar. Na tambaye ta dalilin barin tsakiya haka. Ta ce, "Ɗiyata, ƙarfen nan ya riga ya ƙoshi da wuta. Kika ƙara masa a ƙasa, gawayi za ki ci." Nan ne kusan duk sabon hannu ke faɗuwa, domin mun saba girki wuta a ƙasa take. Sai gindin burodi ya ƙone, samansa fari, cikinsa ɗanye.

Ta barbaɗa dusa a gindin tukunyar, ta saki kwaɓin a ciki da sauri, ta tsaga samansa da reza, ta rufe, ta juye garwashin da ta tara a kan murfin, mafi yawa a gefe-gefe. Minti 20 na farko ba a buɗewa ko da wasa. Ruwan da ke cikin kwaɓin yana zama tururi, murfi mai nauyi ya tsare shi, fatar burodin ta zauna da laushi har ya gama kumbura. Kika leƙa, tururin ya tsere, fatar ta ƙandare, burodin ya tsaya inda yake. Abin da kawai take yi a wannan tsakani shi ne juyi: bayan kowane minti 5 ta ɗan murɗa tukunyar dama, murfin kuma hagu, ba tare da ta ɗaga shi ba. Iska ce dalili. Gefen da take bugawa ya fi ci, balle ranar da iskar gibli ke kaɗawa daga kudu, ranar har tsohon kwanon rufi take jinginawa ya kare wutar.

Hanci ke sanar da ita lokaci. Da warin yis ya koma ƙamshin gasasshiyar alkama, sai ta share toka daga bakin murfin, ta ɗaga shi a miƙe don kada toka ta zuba ciki, ta sa ɗan ƙarfe a tsakani ta mayar, ya zauna a ɗan buɗe. Minti 15 zuwa 20 kuma, ɓawon ya yi ja har ya doshi baƙi a bakin tsagar. Ta juye shi a faifai, ta ƙwanƙwasa gindinsa da yatsa. Idan ya amsa fayau, ya nuna.

Ina jin daɗin ganin wannan aiki a hannun matanmu a Fezzan, yankin da Sabha take. Kanawa kan ce Larabawa ne suka kawo musu gurasa, kuma fataken Gadamas da Tarabulus ta wannan ƙasa suke ratsawa, ta Murzuk da Gat, su bi ta Abzin da Damagaram su sauka Kano. Har yau matan Jakara na manna gurasa a jikin tanderu. Jikokin waɗanda suka karɓi sana'ar ne yanzu ke gasa alkama a Sabha, a tsakar gidan haya, ana ci da man zaitun da harisa da kifin gwangwani kamar yadda mutanen Libiya ke yi, ko da ƙuli-ƙuli da yaji idan wani ya taho da su daga gida.

Ki bar burodin ya huce kamar rabin awa kafin ki yanka, domin cikinsa bai gama daidaita ba. Tukunyar ma ki bar ta ta huce da kanta. Ruwan sanyi a kan baƙin ƙarfe mai zafi tsaga shi yake yi, kuma tsagar zubi ba ta cika ɗaukar walda ba. Ki kakkaɓe dusar, ki goge da tsumma mai ɗan mai, ki sa takarda tsakaninta da murfin don iska ta riƙa shiga.